Na'urar auna cajin laka a ruwa: ta burge ni, amma fistan ɗinta ya ƙure haƙurina

Wata bakwai ke nan muna amfani da ita a matatar ruwan da nake aiki, kuma daren da aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ne na fara ganin girmanta. Wajen ƙarfe 2 ruwan kogi ya koma ja wur, laka kawai. Da a da ne, sai na jera kwalabe shida ina gwajin alif, kafin na gama gurɓataccen ruwa ya wuce tanki. Wannan karon ina tsaye lambar allonta ta nutse can ƙasa da inda muka saita, famfon alif ya ƙara gudu da kansa, cikin 'yan mintuna lambar ta dawo mazauninta. Da safe na ɗebo ruwa a kofin gilashi, garau.

Abin da ke cikinta ɗan fistan ne mai hawa da sauka a cikin silinda. Ƙwayoyin laka, masu cajin nagatif, suna manne wa bangon silindar da jikin fistan. Ruwan da fistan ke turawa yana share cajin fozitif ɗin da ya yi musu rumfa, wannan sharar ce ke haifar da ɗan lantarkin da ake aunawa. Alif na kashe cajin, lambar na matsowa sifili. Tun 1859 Bajamushe Georg Quincke ya lura cewa ruwa mai ratsa ƙananan kafofi yana tayar da lantarki, ga shi yau yana rage mana asarar alif.

Sai dai fa raina ya ɓaci daga baya. Mako uku bayan wannan dare lambar ta fara zamewa, alif na ta zuba, ruwa kuwa bai canza ba. Kwana biyu ina zargin famfo. Da na kwance silindar, sai ga danƙo ruwan ƙasa ya lulluɓe fistan, yashi kuma ya karce gefensa. Tazarar da ke tsakaninsa da bango ita ce ran awon, da ta buɗe shi ke nan. Littafin na'urar ya ambaci wankewa a layi biyu kacal, kamar ba komai ba! Na rubuta wa kamfanin da ya ƙera ta, amsa ta ɗauki kwana 12.

Yanzu duk mako ina goge ta da burushi mai laushi, na sa matacin yashi a gabanta, kuma idan pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya motsa sai na koma kan kwalabena na sake saiti. Wanda ruwansa ke da yashi, ya sayi fistan na biyu tun ranar farko.