Kwas ɗin Google na malamai, ya cancanci lokacin malamin makarantar kuɗi?

A taƙaice dai eh ya cancanta, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan ba a wuyan malami yake ba, a wuyan masu makaranta yake. Ina magana ne akan horon da Google ke bayarwa kyauta a shafinsu na malamai, wanda in ka gama zaka iya zama jarrabawa su baka shaidar Google Certified Educator mataki na ɗaya, in kaga da hali ka ƙara da na biyu. Na yi shi, naga abokan aiki sun yi, wasu ya gyara musu aiki sosai wasu kuma satifiket ɗin kawai suka tsira dashi, shiyasa naga gara a faɗi abun yadda yake.

Duk wanda ya koyar a makaranta mai zaman kanta yasan yadda lamarin bita yake. Babu wani tsayayyen tsari da ya tilasta a riƙa ƙara wa malami sani, abun ya danganta ne da ra'ayin mai makaranta ko kwamitin amintattu, in sun ga dama ayi in basu ga dama ba shiru. Kuma abun da yafi yawa shine a sayo kaya tukunna, allon zamani, firojekta, kwamfutoci, a ɗau hoto a nuna wa iyaye, sai ana gobe za'a koma hutu a kira wani ya tara malamai yini guda yayi ta latse-latse a gabansu yana cewa kun gane ai, kowa yace eh, shikenan an gama horo. Wallahi wannan abun yana min ciwo, dan malaman nan ba ƙin koyo suke ba, ba'a basu hanyar koyon bane. To anan kwas ɗin Google ya fara burge ni, naka ne, da imel ɗinka kake shiga, a lokacin da ka samu, inda baka gane ba ka koma baya ka sake, babu mai kallonka balle kaji kunyar tambaya gaban matasan malamai. Kuma ranar da ka bar makarantar da iliminka da shaidarka zaka tafi, wanda ba ƙaramin abu bane ga malamin makarantar kuɗi tunda mun san yadda ake yawan sauya wurin aiki.

Tsarin darussan ma ba laifi. Basu tsaya bayanin menene kwamfuta ba, kai tsaye suke kawo maka matsala irin ta aji sannan su nuna maka wane kayan aiki zai warware ta. Inda nafi ƙaruwa shine ɓangaren Google Classroom, manhajar da suka fito da ita a 2014. Mutane da yawa sun san ta ne lokacin korona a 2020 kuma a gurguje suka koye ta, tura aiki da karɓar aiki kawai, alhali akwai abubuwa a ciki masu rage wahala da ba kowa ya lura dasu ba. Misali in ka rubuta aikin gida a Docs, manhajar rubutu ta Google, akwai zaɓin da zaka danna ya yi wa kowane ɗalibi kwafinsa da sunansa, kai kuma kana iya leƙa aikin tun yaro bai gama ba, ka gyara masa hanya tun kafin ya yi nisa a kuskure, ba sai ya kawo ka ja masa jan biro ba. Akwai wurin ajiye gyare-gyaren da kake yawan maimaitawa, irin su "kawo hujja daga cikin labarin" ko "nuna yadda ka samo amsar", ka rubuta sau ɗaya kayi ta ɗaukowa. Akwai jadawalin raba maki da yaro zai gani tun kafin ya fara aiki, yasan akan me za'a auna shi, kuma wannan yana rage rigimar iyaye sosai, dan a makarantar kuɗi uba yana zuwa ne da ƙarfinsa yace me yasa ɗana ya samu kaza, in ka buɗe masa jadawalin nan magana ta ƙare cikin mutunci. Zaka iya tsara aikin mako guda ka saka ranar da kowanne zai fita da kansa, zaka iya ɗauko aikin bara ka gyara ka sake amfani dashi.

Sai Forms, manhajar shirya tambayoyi ta Google. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa dalilin yin kwas ɗin. Ka shirya gajeren gwaji, ka saka amsoshi, shi zai yi makin da kansa, amma ba makin ne abun so ba, abun so shine taƙaitawar da yake baka, ya nuna maka tambayar da yawancin aji suka faɗi da kuma amsar kuskuren da suka fi zaɓa. Malamin lissafi in yaga rabin aji sun haɗa ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa uku sun samu biyu bisa biyar, ai ya gano ainihin inda cutar take, gobe da ita zai fara darasi maimakon ya wuce sabon babi. Har ana iya tsara shi yadda in yaro ya zaɓi amsar da ba daidai ba zai kai shi wani shafi mai ƙarin bayani kafin yaci gaba. Haka kuma tarihin gyara na Docs, in ka bada aikin rukuni kana ganin wa ya rubuta me kuma yaushe, yaron da yake aiki shi kaɗai sauran suna cin maki a bayansa yanzu za'a ga ƙoƙarinsa.

Jarrabawar kuma ta intanet ake yi, kuma shaidar shekara 3 take yi sai ka sabunta. Bayan mataki na biyu akwai na masu horar da wasu da na masu yi wa malamai jagora a makaranta. Bazan daɗe anan ba, wanda ya riƙa gwada abun da ya koya a aji jarrabawar bazata bashi wahala ba.

Yanzu inda nake da ja. Kwas ɗin yana koya maka kayan Google ne, baya koya maka koyarwa, kuma ba abun mamaki bane tunda kamfani ne mai son a saba da kayansa. Amma dole malami ya riƙe wannan a ransa. Akwai wani ma'auni da Ruben Puentedura ya kawo ana ce masa SAMR, ya kasa amfani da fasaha a aji mataki 4, na farko ka maye gurbin takarda da sikirin kawai ba abun da ya canja, na biyu a samu ɗan ƙarin sauƙi, na uku aikin kansa ya sake fasali, na huɗu yara suyi abun da a da bazai yiwu ba sam. Gaskiyar magana mutum zai iya cinye jarrabawar nan tas kuma yana nan a matakin farko, ya ɗauki tsohon not ɗinsa ya zuba a Slides, manhajar da ake haska darasi da ita, yara suna kwafa daga bango maimakon allo. Punya Mishra da Matthew Koehler na jami'ar jihar Michigan a Amurka sun yi bayanin wannan tun 2006, cewa malami yana buƙatar abu uku su haɗu wuri guda, sanin fanninsa, sanin dabarun koyarwa, da sanin fasaha, kuma amfanin yana wurin haɗuwar ne. Kwas ɗin nan ƙafa ɗaya ya riƙe da kyau, sauran biyun ya ɗan taɓa ne sama-sama. Yadda malamin kimiyya zai yi amfani da Sheets, manhajar jadawali da lissafi, yara su zana sakamakon gwaji daban yake da yadda malamar adabi zata yi amfani da Docs a gyara insha'i, kuma wannan zurfin bazaka same shi anan ba.

Ba ra'ayina kaɗai bane. Ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta ƙasashe wato OECD ta fitar da rahoto a 2015 inda ta nuna ƙasashen da suka zuba kuɗi sosai a kwamfutocin makaranta ba'a ga wani ci gaban azo a gani ba a karatu da lissafi da kimiyya. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a ilimi ya kawo misalin ƙasar Peru, an raba kwamfutocin hannu sama da miliyan 1 ba tare da an saka su cikin tsarin koyarwa ba, kuma karatun yara bai ƙaru ba. Duk mai makarantar da yake shirin sayen kaya ya kamata ya tsaya akan wannan misalin ya yi tunani, dan kuskuren da ƙasa guda tayi shi makaranta ɗaya take maimaitawa a ƙaramin sikeli.

Abu na biyu, kayan nan basa zama. Wancan rahoton na UNESCO yace a matsakaici kayan fasahar ilimi suna canjawa duk bayan wata 36. Jamboard misali, allon rubutu na Google da malamai da yawa suka gina darussa akai, an rufe shi a ƙarshen 2024. Saboda haka wanda ya haddace inda maɓalli yake kawai zai sha wahala, wanda ya gane me yake son yara suyi shi zai nemi wani kayan ya ci gaba. Yanzu ma ga ƙirƙirarriyar basira wato AI ta shigo, Google sun fitar da gajeren kwas akanta na malamai a 2024 tare da masana daga MIT, yana da kyau a matsayin buɗe ido amma shima farawa ce kawai, bai isa ya amsa maka yadda zaka yi da yaron da ya kawo insha'in da na'ura ta rubuta masa ba.

Na uku, darussan sun ɗauka kamar kowane yaro yana da na'urarsa da intanet mai ƙarfi a gida da makaranta. Akwai hanyar aiki da Docs ba intanet, amma misalan da yawa sun fi dacewa da ajin da kowa ke da kwamfutar Chromebook a gabansa. Malamin da yake da kwamfuta ɗaya da firojekta sai ya zauna ya yi wa kansa fassarar abun. Sannan maganar sirrin bayanan yara, ina so ace an fi tsananta ta. UNESCO tace kashi 16 cikin 100 na ƙasashe ne kawai doka ta fito fili ta kare bayanan ɗalibai, to makaranta mai zaman kanta ita ce zata tsaya wa yaranta. Dan Allah kar malami ya riƙa buɗe aji da imel ɗinsa na kansa yana zuba sunaye da makin yara, makaranta ta yi rijistar Google Workspace for Education, akwai matakin kyauta ga makarantun da suka cancanta, ta ba kowa adireshin makaranta, a samu mutum ɗaya mai kula da saituna.

Sharaɗin da nace tun farko shine lokaci. Malamin makarantar kuɗi jadawalinsa cike yake, ga makin ga rahoton iyaye ga ayyukan bayan tashi, in aka ce yaje ya yi kwas da daddare a gida da datarsa sannan a buga a takardar talla cewa malamanmu Google ta tantance su, wannan ba adalci bane kuma bazai haifar da komai a aji ba. Inda naga abun ya yi aiki, an ware awa a cikin mako ne a lokacin aiki, malaman fanni ɗaya su zauna tare suyi darasi guda, kowa ya gwada a ajinsa, mako mai zuwa a dawo a faɗi me ya yiwu me ya ƙi, wanda ya fi gane wa ya shiga ajin ɗan uwansa ya taya shi ba dan ya kai rahotonsa ofis ba. Tsofaffin malamai da ake cewa basa son fasaha, in aka zauna dasu a haka sukan fi kowa amfani da ita da ma'ana, dan su dama sun san koyarwar.

In makarantarku da kayan Microsoft take aiki to kar ku wahalar da kanku, suna da nasu horon na malamai a Microsoft Learn, masu iPad kuma akwai Apple Teacher, kowa ya bi wanda yaransa ke riƙe dashi. In kuma Google ne, shawarata a fara da mataki na ɗaya, ɓangaren Classroom da Forms, a bar maganar jarrabawa sai an yi zango guda ana gwadawa da yara, mataki na biyu kuma a bar shi ga malami ɗaya ko biyu da makaranta zata rage wa darussa su riƙa taimakon sauran.