Sharhi kan iLovePDF: yana rage nauyin takarda, amma a kula da hatimi

Mafi yawan fayilolin PDF da ke ƙin hawa shafin neman aiki ko na makaranta, takardun da aka yi sikanin ne: sakamakon WAEC ko NECO, takardar haihuwa, shaidar ƙaramar hukuma. Kowane shafi a cikinsu hoto ne, kuma hoton ne ke da nauyi. A aikin rage irin wannan nauyin, iLovePDF, wani shafin intanet mai matse fayilolin PDF, ya cancanci yabo.

Amfani da shi ba wuya. Ka shiga shafinsu, ka danna Compress PDF, ka ɗora fayil ɗin, ka zaɓi ɗaya daga cikin matakan matsewa uku, sannan ka sauke sabon. Ba sai ka yi rajista ba, kuma yana aiki a burauzar waya.

Matakin tsakiya, wanda su ma suka ba da shawarar a bi, shi ne na dogaro. Rubutu yana fita tas, nauyin kuma ya ragu sosai in hotunan masu launi ne. Mataki mai tsanani kuwa shi ne inda ake samun matsala. Yana rage ƙwayoyin hoton, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoton, har gefen haruffa ya fara dishi-dishi. Manyan haruffa ba sa nuna komai, amma ƙananan lambobi irin lambar jarrabawa, da rubutun da ke zagaye da hatimi, da siririn sa hannun biro, su ne ke fara lalacewa, 3 ta koma kamar 8. Jami'in da ke tantancewa kuwa waɗannan wuraren yake dubawa. Don haka kafin ka tura, buɗe sabon fayil ɗin, ka zuƙo shi zuwa kashi 200, ka duba hatimi da lambobi ɗaya bayan ɗaya.

Kada kuma ka sake matse fayil ɗin da aka riga aka matse. Kowane zagaye yana cin ingancin hoton, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. In bai kai girman da ake so ba, koma kan na asali.

Akwai inda ba ya tsinana komai. PDF ɗin da aka fitar kai tsaye daga Word, rubutu zalla, da ma ba shi da nauyi, ragin da za ka gani kaɗan ne. Fayil mai kalmar sirri sai an cire ta tukuna. Wanda ke ɗauke da sa hannun dijital kuwa, matsewa tana ɓata sa hannun, saboda an taɓa cikin fayil ɗin.

A ganina, rabin wahalar daga wurin sikanin take. Shafin A4 a dpi 300, wato ƙwayoyin hoto 300 a kowane inci, yana da ƙwayoyi 2480 sau 3508. A dpi 150 ya koma 1240 sau 1754, wato kashi ɗaya bisa huɗu. In ka ce wa mai shagon kwamfuta ya sa 150 ko 200, ya kuma cire launi a takardun da ba su buƙace shi ba, sau da yawa ba sai an matse komai ba. Ga imel ma, Gmail ba ya haɗa abin da ya wuce megabait 25, sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive.

Abin da ya fi damuna da shi shi ne sirri. Dole fayil ɗinka ya bar wayarka ya je kwamfutocin kamfanin, wanda ke Barcelona a Sifen. Sun ce suna gogewa cikin awa biyu, amma ban ga dalilin ɗora fasfo, takardar NIN ko bayanan asusun banki ba alhali akwai wata hanya. Ga mai kwamfutar Windows, PDF24 Creator kyauta ne, yana aiki ba tare da intanet ba, ba ya cin data, kuma yana barinka ka sa adadin dpi da ingancin hoton da kanka. Fara da dpi 150, ka duba hatimin, sai ka rage in da hali.