Wata Shida a Cibiyar Koyon Haɗa Sola: Abin da Na Samu da Abin da Ya Rage

Kusan shekara guda ke nan da na kammala kwas ɗin haɗa wutar sola na wata shida a wata cibiyar koyar da sana'o'i ta matasa, kuma da abin da na koya nake rufa wa kaina asiri yanzu. Da gangan na jinkirta wannan sharhin, domin ranar yaye kowa murna yake yi, sai an fita neman aiki ake sanin ko horon ya zauna.

Wata biyun farko a aji muka yi su. Na ƙosa a lokacin, hannuna kawai nake so ya taɓa waya, amma yau na san a nan ribar take. Malaminmu bai bar kowa ya ɗauki farantin sola ba sai da ya iya lissafin lodi: ƙwai nawa, fanka nawa, wat nawa kowanne yake ci, awa nawa zai yi a kunne. A nan na san cewa batir mai bolt 12 da 200Ah (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka) yana riƙe wat-awa 2,400, amma in na ruwa ne, kusan rabi kawai ya kamata a sha in ana so ya yi ƙarko, yayin da na litiyam yake jure a sha shi fiye da haka. Na san firji yana fizgar wuta ninkin abin da ya saba ci a daidai lokacin da injinsa zai tashi, shi ya sa ƙaramar inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda kayan gida ke amfani da ita) take yankewa. Yawancin gyaran da ake kirana yanzu tushensa ke nan: wani ya haɗa ba lissafi, batir ya mutu cikin watanni, mai gida ya yanke hukuncin cewa sola yaudara ce. Abin yana min ciwo, don ba laifin rana ba ne.

Ɓangaren aikin hannu shi ne ya raunana. Malaman sun iya, kayan ne babu. Mitar auna wuta guda uku muke karɓa-karɓa duk ajin, kuma kontrola (na'urar da ke daidaita cajin batir daga faranti) irin ta zamani da ake kira MPPT guda ɗaya ce, daga nesa muke kallonta, alhali ita ce ake yawan samu a manyan ayyuka. Duk da haka an koya mana abin da ba a mantawa: batir biyu masu bolt 12 in aka jera su, kan wannan da gindin wancan, sun zama bolt 24, a fara haɗa batir da kontrola kafin a kawo faranti, siririyar waya tana zafi har ta jawo gobara.

Wata biyun ƙarshe aka tura mu wurin masu sana'ar, kuma su ne suka mayar da ni ma'aikaci. Ranar farko a kan rufi, na miƙa hannu zan kama waya, ogana ya riƙe ni ya ce, "Ɗana, auna kafin ka taɓa." A wurinsa na koyi kallon inuwar bishiya da ta tankin ruwa kafin a kafa faranti, da yadda ake gaya wa mai gida gaskiya cewa kuɗinsa ba za su ɗauki abin da yake so ba. A Jamus ɗan koyo yana raba makonsa ne tsakanin kamfani da makaranta tun daga farko har ƙarshe. Da cibiyarmu ta yi haka, da ƙarancin kayan ajin bai cutar da mu sosai ba.

Babban ƙorafina shi ne ba a koya mana kasuwancin sana'ar ba. Babu darasi ko ɗaya kan yadda ake rubuta wa mutum ƙiyasin aiki, ko raba kuɗin kaya da ladan hannu, ko ajiye littafin shiga da fita. Akwatin kayan aikin da aka yi mana alkawari ma bai zo ba. Na san abokan karatu masu hazaƙa fiye da ni da suka ajiye satifiket suka koma zaman jira, saboda rashin tsani da injin huda bango kawai.

Amfanin kuwa na gan shi da idona, kuma bai tsaya a kaina ba. Da, sai an kira ma'aikaci daga nesa a biya masa kuɗin mota; yanzu kuɗin yana juyawa a kusa. Mai walda yana ƙera min ƙarafan ɗora faranti, mai kayan lantarki yana samun ciniki, telan da na haɗa wa wuta yana ɗinki har dare, kuma ya ƙara ɗaukar yaro.

Zan ba matashi shawarar ya shiga irin wannan kwas, amma kafin ya cike fom ya nemi a nuna masa ɗakin gwaji, ya ƙirga kayan da idonsa, sannan ya tambayi wurin wa za a tura shi koyon aiki, kuma na tsawon wata nawa.