Wata huɗu ina aiki da juliacall, ga abin da na gani

Ni dai aikina a nan Birnin Kebbi shi ne duba gonakin shinkafa na fadamar Argungu da Suru ta hotunan tauraron ɗan adam na Sentinel-2, in lissafa koren ganye in gaya ma masu ƙungiyar manoma inda shuka ta yi kyau da inda ruwa ya ci. Hoto guda ɗigo 10980 ne a tsaye 10980 a kwance, in ka loda shi a NumPy, wato kayan lissafi na yaren kwamfuta Python, da lambobi masu bayit 8 ya kusa cin megabayit 965, kuma biyu nike buƙata, na jan haske da na infirared, hasken da ido bai gani. Laftof ɗina gigabayit 8 gare ta. To ka ga in na ce sai na kwafi kowane jerin lambobin hoto kafin in miƙa ma Julia, wani yaren kwamfuta mai saurin lissafi, ai an gama, injin sai ya tsaya cik fanka na ta kuka.

Wannan ne ya kai ni ga juliacall, abin da ke ba ka damar kiran Julia daga cikin Python, shi ne ɓangaren Python na PythonCall.jl wanda Christopher Rowley ya rubuta, kyauta ne da pip ake sa shi, wato abin sauko da kayan Python. Ranar farko shi da kanshi ya sauko da Julia, ya ci mani data sosai, sai ka tanadi data da caji. Kiran farko ma yana da jan lokaci don Julia sai ta haɗa kod ɗin tukuna, bayan nan kam gudu kamar me.

Abin da ya burge ni wallahi shi ne ba ya kwafa. Ka miƙa jerin NumPy, Julia ta karɓe shi a matsayin PyArray, wato marufin da take kallon jerin Python ta cikinshi, wuri ɗaya ne a memori su biyu suke kallo, in ka canza lamba can sai ka dawo Python ka iske ta canza. Na buɗe ma'aunin memori ina kallo lokacin da na miƙa hoton, ko motsi bai yi ba. Kuma PyArray ɗin yana riƙe da jerin, Python ba ta da ikon zubar da shi muddin Julia na amfani da shi.

Nan ne fa maganar take, don yarukan nan biyu kowa da yadda yake kwashe shararsa, wato sakin memorin da an gama amfani da shi. Python ƙidaya take yi, hannu nawa ke riƙe da abin, da ya koma sifili nan take ta saki wurin. Ita Julia sai ta ga dama take zagayowa, ta bi ta yi ma masu rai alama ta share sauran. Kamar masu gadin sito biyu ne a kan buhu ɗaya, kowa da littafinshi, ba mai duba na wani.

Wata rana ina son jerin Julia na asali saboda wani aiki ya ƙi karɓar PyArray, sai na ɗauko adireshin memorin kai tsaye na naɗe shi da unsafe_wrap, umarnin Julia da ke mai da adireshi jeri. A gwaji lafiya lau. Da munka fara aikin gaske ina yanka hoton gunduwa-gunduwa, sai ga ma'aunin koren ganye, abin da bai wuce tsakanin -1 da 1, yana ba ni dubbai a wata gona kusa da gulbi. Kwana biyu ina zargin gajimare ne a hoton. Ashe Python ta riga ta saki gunduwar ta zuba wani abu a wurin, Julia kuma tana ta karanta tsohon adireshi, daga baya ma shirin ya mutu gaba ɗaya ba sallama. Raina ya ɓaci ƙwarai don saura kaɗan in tura ma mutane taswirar, kuma da ita za su yanke shawarar inda za a kai taki. Kuskurena ne, sunan unsafe_wrap ɗin ma ya faɗi cewa babu kariya. Ƙari kuma NumPy layi-layi take jera lambobi, Julia tsaye-tsaye, don haka gunduwoyin a juye sunka fito.

Abin da har yanzu ke damuna a kayan shi ne, in ka goge jeri a Python memorin bai dawowa sai Julia ta yi sharanta, ita kuma ɗan ƙaramin marufi kawai take gani ba ta san kusan gigabayit ke bayanshi ba, sai ta yi ta zamanta. Yanzu bayan kowane hoto da hannuna nike kiran GC.gc(), umarnin da ke sa Julia ta yi shara nan take. Haka in Julia ce ta ba Python jeri, kada ka ƙara mai tsawo da push! alhali NumPy na kallonshi, yana iya ƙaura wani wuri.

Ga ɗalibanmu na Aliero da Kalgo masu ƙananan laftof, ina ba ku shawara ku gwada juliacall, ni na ba shi huɗu cikin biyar. Taswirar daminar bana da shi na gama ta, hoto shida, injin bai tsaya ba ko sau ɗaya.