Gray Gamma 2.2 ko Dot Gain 20%: wanne za a ba hoton baƙi da fari?

A Photoshop, manhajar gyaran hoto, akwai waɗannan zaɓi biyu na tsara haske da duhun hoton baƙi da fari, kuma da yawa ba sa ko kallonsu. Gray Gamma 2.2 na allo ne. Allon kwamfuta ba ya fitar da haske daidai da lambar da aka ba shi: lamba 128, wadda ke tsakiyar 0 (baƙi) da 255 (fari), haskenta bai wuce kusan kashi 22 cikin 100 na fari ba. Hakan ya zo daidai da ido, domin mutum ya fi gane bambanci a wurare masu duhu, sai matakan haske masu yawa suka faɗa can. Shi ya sa ninkin baƙar riga ke fitowa, ba ya dunƙulewa ya zama baƙi ƙirin.

Dot Gain 20% kuwa na injin buga takarda ne. Injin da ƙananan ɗigon tawada yake buga hoto, tawada kuma tana bazuwa, ɗigon da aka so ya rufe rabin wuri sai ya rufe kashi 70, shi kuma tsarin yana lissafa wannan tun kafin a buga.

Hoton intanet, 2.2 ya ishe shi. Na katin biki kam, a fara tambayar mai injin, don takarda mai shan tawada takan wuce kashi 20 ɗin.