Matashin mai jifa: bulfen ko ƙaramin lig?

Ɗan'uwa ya tambaya: idan kulob na MLB, babban lig ɗin wasan baseball na Amurka, ya samu matashin mai jifa mai ƙarfin hannu, wanne ya fi, a hau da shi babban lig ya zauna cikin 'yan canji a bulfen (rukunin masu jifa da ake shigarwa bayan an fara wasa), ko a bar shi a ƙaramin lig yana buɗe wasa har ya nuna?

Aikin biyu ba ɗaya ba ne. Mai buɗe wasa kan fito sau ɗaya a kwana 5, ya yi jifa 90 zuwa 100, ya haɗu da kowane mai bugu sau biyu ko uku. Ɗan canji kuwa zagaye ɗaya ne cikin zagaye 9 na wasa, jifa 15 zuwa 25 da iyakar ƙarfinsa, amma ana iya kiransa yau a sake kiransa gobe. Jifa iri biyu ya ishe shi: mai gudu da mai lanƙwasa. Mai buɗewa sai da na uku, yawanci canjof, wanda ke barin hannu kamar mai gudu amma ya iso a makare.

Nan illar bulfen take. Yaron da aka shigar a zagaye na 8, tazarar maki ɗaya, ba zai taɓa gwada jifan da bai gama koya ba, sai jifan ya tsaya inda yake. Hannunsa ma ba ya sabawa da dogon aiki. Ribar ita ce yana karawa da manyan masu bugu tun da wuri, kulob kuma yana morarsa yanzu. Chris Sale ya yi zagaye 71 a bulfen na White Sox a 2011, ya koma buɗe wasa a 2012 ya yi 192. David Price ma daga bulfen ya rufe wa Tampa Bay wasa na 7 da Boston, wanda ya kai su karawar ƙarshe ta neman kofi a 2008, sannan ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 2012 yana mai buɗewa.

Amma a duba Joba Chamberlain. Yankees sun shigo da shi bulfen a 2007, suka mai da shi mai buɗewa ana tsakiyar kakar 2008, a watan Agusta kafaɗa ta kama shi. Daga baya ya sake komawa bulfen. A ganina wannan kai-kawon ya fi bulfen ɗin kansa lahani, ko da yake Neftali Feliz na Texas an sauya shi ne tun kafin kakar 2012, kuma bai tsira daga tiyatar gwiwar hannu ba.

Ɗaya hanyar ita Pittsburgh ta bi da Paul Skenes: a Indianapolis, kulob ɗinta na ƙaramin lig, ana ƙara masa jifa kaɗan-kaɗan, ya hau a Mayun 2024 yana buɗe wasa, ya gama da zagaye 133. Tsadarta haƙuri, don wani lokaci sai an ajiye yaro ana tsananin bukatarsa, kamar yadda Washington ta dakatar da Stephen Strasburg a Satumban 2012.

Don haka a fara duba jifa na uku. In bai nuna ba, a bar yaro a ƙasa. In ya nuna, kulob kuma na neman kofi, a sa shi bulfen, amma a ba shi zagaye 2 ko 3 a fita ɗaya, hutun kwana 2 ko 3 bayanta, kada ya riƙa ɗumama hannu ba a shigar da shi ba. Sauyin zuwa buɗe wasa a bar shi sai atisayen Fabrairu, kafin a fara sabuwar kaka.