Sharhi: shirin 6 Minute English a ajin Turanci na babbar sakandare

Duk malamin Turanci ya san inda gizo ke saƙar. Manhaja za ta ce a koyar da kalmomin noma, ko na kiwon lafiya, ko na muhalli, sai ta bar ka da littafin da ɗalibai suka gada daga yayyensu, har da amsoshi a rubuce da biro. Neman sabon abin shiga aji ne ya kai ni ga shirin 6 Minute English na sashen koyar da Turanci na BBC, kuma na jima ina aiki da shi a makarantarmu da ke Tudun Wadan Zariya.

Mutum biyu ne suke hira a kan batu guda na tsawon minti shida: barci, abinci, sauyin yanayi, wayar hannu da sauransu. Sukan sako muryar wani masani a tsakiya, su warware kalmomi shida, su maimaita su a ƙarshe. Kyauta ne, ana sauke sautin da rubutacciyar hirar daga intanet, kuma duk mako akwai sabo.

Abin da ya fi burge ni shi ne tambayar da suke jefawa a farko, mai zaɓi uku, wadda ba a jin amsarta sai shirin ya zo ƙarshe. Nakan tsayar da sautin a nan in ce kowa ya ɗaga hannu ga zaɓinsa. Da zarar musu ya kaure, 'yan bencin baya ma sai su kasa kunne, don kowa na son a ce shi ne ya canka daidai. A aji mai cunkoso irin namu, samun wannan shirun ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma batun kunne. Takardar furuci ta WAEC da NECO a rubuce ake amsa ta, yaro yana zaɓen sautin da watakila bai taɓa jin sa daga bakin mai harshen ba. Ɗalibanmu da ke haɗa p da f, ko suke ɗora nauyi a gaɓar da ba ta dace ba, sun fi saurin gane bambancin idan na maimaita musu jimla ɗaya daga shirin fiye da in cika allo da alamomi.

To amma ba don Zariya aka shirya shi ba, kuma masu shi ma ba su ce don nan suka yi shi ba. Misalansa da yawa daga rayuwar Ingila suke. 'Yan aji ɗaya sukan ce maganar ta yi musu sauri, don haka sai an kunna sau biyu, a na biyun a ba su takardar hirar. Kuɗin hoton takarda kuwa daga aljihun malami ne, shi ya sa benci guda takarda guda nake yi. Sifika ƙarama mai caji ta wadatar, in dai an tuna an caja ta lokacin da aka kawo wuta.

Inda na fi cin moriyarsa shi ne bayan an kashe sifikar. Da muka saurari wanda ya shafi sauyin yanayi, na ce kowa ya je ya tambayi wani dattijo a gida yadda damina take sauka a da da yadda take yanzu. 'Ya'yan masu noman rani a fadamar Galma suka dawo da bayanin da ya fi na littafi armashi, wata yarinya kuma da babanta ke aiki a cibiyar binciken noma ta Samaru ta zo da labarin irin shuka mai saurin nuna. Da Hausa suka yi tambayar, da Turanci suka rubuta insha'in, kalmomin shirin nan shida kuma suka samu wurin zama.

Ba ya koyar da taƙaita labari ko rubuta wasiƙar ofis, don haka ba zai maye gurbin tsofaffin tambayoyin jarrabawa ba. 'Yan aji biyu ya fi dacewa da su. 'Yan aji uku kuwa, da zarar an shiga zango na biyu nakan ajiye shi mu koma kan takardun baya.